Hanyar Idon Ruwa Ba ta Shiga Waya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa mata duwatsu.

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Maamobi a Accra, daga ubanki kuma ɗanki, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, bakina kuwa bai taɓa iya furta shi ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin isa Nkawkaw lafiya, ke da kekenki da ƙasusuwanki duk a haɗe. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki a hannun mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan inda kika bar shi. Abin da ya sa na goge baƙin mai daga hannuna na ɗauki biro a rumfar gyaran kekena shi ne yadda muka rabu. Kin sami aikin da ranki yake so. Masu shirya wa baƙi yawon keke a hanyoyin burji na dutsen Kwawu sun ɗauke ki, ki riƙa nemo musu hanya, ki bi ta da kekenki wayarki tana zana layi, daga baya kowa a duniya ya buɗe tasa wayar ya bi layin. Kika zo kika durƙusa gabana kika ce in faɗa miki hanyar idon ruwa, wadda nake ba ki labarinta tun kina zama a kariyar kekena ƙafafunki ba sa kai ko'ina. Na ce a'a. Kika ce, "Baba, hanya ne fa kawai. Hanya ba na mutum ɗaya ba ne. Kai ka gani, mu ba za mu gani ba?" Na sake cewa a'a. Kika ɗaura hular kwanonki a kan ɗankwali kika fita, ko kokon da aka sayo miki ba ki taɓa ba.

Ba ki da laifi. Wanda ya shekara yana kwatanta wa yaro daɗin zuma bai kamata ya yi mamaki ba ran da yaron ya nemo tsani. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, akwai magana a kan hanyar. Amma kafin nan bari in ba ki kurakuraina a dutsen nan ki ɗauka kyauta, ni da fata da ƙashi na saye su.

Ina saurayi a lokacin, gemuna bai fi gashin masara ba, aka tura ni wurin wani dillalin goro a zangon Nkawkaw ya zama maigidana. Aikina in hau dutse in bi ƙauyuka da gonaki in saro goro, in sauko da shi a kariya. Kekena baƙi ne mai nauyi, babu giya, birkinsa na sanda. Naki da nake ɗagawa da yatsu biyu, da zai gan shi sai ya rusuna ya ce masa Kaka.

Safiyar farko na fito daga masallaci na ɗaga kai, na ce wa maigida yau za a sha ruwa, ga hadari can ya haɗo. Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Wannan ba hadari ba ne, wurin aikinka ne." Dutse ne a tsaye kamar bango, kore shar daga gindi har wuya, kansa kuwa ya shige cikin gajimare. Ni ɗan unguwar Nima a Accra, tudun da na sani a duniya shi ne wanda ake hawa daga bakin gota, babbar kwatar unguwa, zuwa kasuwa, har muna yi masa ƙorafi. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina ta subhanallahi, sai da maigida ya ja ni muka tafi karin kumallo.

Kuskurena na farko, na ɗauka hawa shi ne wahala. Hawa ba ya kashe mutum. In kin gaji ki sauka ki tura, ba wanda zai kai ki ƙara. Gangara ita ce abar tsoro, don tana zuwa da fara'a. Ran da na fara ɗauko kaya, kwandon goro cike an lulluɓe shi da ganye, na hau wata jar hanya da ta ratsa gonakin koko. Iska tana kaɗa mini riga, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, har waƙa na fara. A wata kwana na hango dutse kamar tukunyar miya a tsakiyar hanya. Na zuba masa ido ina cewa kada in buge shi, kada in buge shi, keke kuwa ya nufe shi kai tsaye kamar an aike shi. Na damƙe birkin gaba da ƙarfina duka. Keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tashi sama na sauka a cikin gwaza, goro ya watsu har gindin tudu. Wasu mata masu ɗauke da ayaba suka sauke kayansu suka taya ni tsincewa, suna yi mini sannu suna danne dariya. Goro kuwa in ya bugu baƙi yake yi, rabin kayan nan bai kai kasuwa ba.

Don haka ki sani, keke ido yake bi. Kada ki kalli abin da kike tsoro, ki kalli inda kike so ki wuce. Ki rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Ki fara da birkin baya, na gaba ki taɓa shi kamar kina gwada zafin tukunya, ki ja jikinki baya a kan sirdi. In an yi ruwa kuwa jar ƙasar can ta fi miyar kuɓewa santsi, ranar babu gwani. Na san kin fi ni sanin keke irin na yanzu, amma tsakuwar ba ta canza ba.

Na biyu ya fi ciwo ko da yake jini bai fita ba. A Nima ƙararrawa ce bakin mai keke, ka kaɗa a kauce maka, shi ke nan. Da wannan halin na shiga wani ƙauye. An shanya koko a kan tabarmin gora, ƙamshinsa ya cika gari, dattawa suna zaune a inuwa. Na kaɗa musu ƙararrawa na ɗaga hannu na wuce abina. Na sha gangara mai nisa har bakin rafi, sai na tarar ruwa ya tafi da gungumen da ake hayewa a kai. Haka na juyo na turo keke har sama, gumi yana shiga mini ido. Dattawan suna nan inda na bar su. Babbansu ya ce da ni cikin Tonanci, yaren mutanen wajen, "Mun so mu faɗa maka, amma ƙararrawarka ba ta tsaya jin amsa ba."

Ba su ƙara ko kalma a kai ba. Suka ba ni kujera, aka kawo ruwa, suka taso ɗaya bayan ɗaya suka gaisa da ni, sannan babban ya tambayi abin da ke tafe da ni. Amanne suke ce wa wannan tambaya. Ga kwandon goro a kariya kowa yana gani, amma sai ka faɗa da bakinka, su ma su faɗa maka halin da garinsu yake ciki. A nan ne za ka ji gadar da ta karye, da gidan da aka yi rasuwa, da hanyar da itace ya faɗa. Tun daga ranar ban sake shiga ƙauye a kan sirdi ba. Ke ma ki sauka a gidan farko, ki tura, ki gaishe da tsofaffi, ki karɓi ruwan ko da ɗanɗanawa ne. Baƙin da za ki jagoranta suna da agogo a hannu mai ƙirga musu gudu, za su ƙosa. Ki ce musu gaisuwar tana cikin hanyar. Sannu ba ta hana zuwa, ni kuwa saurina ranar sau biyu ya sa na hau tudu ɗaya.

Na uku abin dariya ne, mahaifiyarki har ta koma ga Allah tana tsokanata da shi. Amma bari in fara da kurmin, don ba ki taɓa shiga irinsa ba. Akwai wuraren da gonaki suke ƙarewa hanya ta tsuke ta shige ƙarƙashin itatuwan da ba a taɓa sara ba. Kina shiga zafi zai sauka daga kanki kamar an cire miki kaya. Hasken kansa kore yake komawa. Akwai rimin da saiwoyinsa suka tashi suka yi ɗakuna, ni da kekena mun fake a ɗaya ba a ganin mu. In kin ɗaga kai neman ƙarshensa hula za ta faɗi. Tsuntsaye suna magana can sama ba a ganin su, malam-buɗe-littafi shuɗi mai faɗin tafin hannu ya bi ki kamar ɗan rakiya. Mu da muka tashi cikin ƙarar motocin haya na torotoro da lasifika, shirun wurin har tsoro yake ba mu da farko.

A irin wannan wuri azahar ta same ni. A Accra ban taɓa neman alƙibla ba, sahu nake bi. Ranar na juya gabas na juya yamma, rana ba ta ratso ganye ba balle inuwa ta nuna mini. Na zaɓi wani gefe na ce Allah Ya karɓa. Sai na ga wani ɗan fili siriri a ƙasa, tas kamar an share, na ce kai, har a kurmi akwai masu tsabta. Na shimfiɗa buhu na tayar. Ashe titin kwarkwasa ne. Raka'ar farko suka bar ni, a ta biyu suka isa inda ba a faɗa. Ban san lokacin da na yi sallama ba, in ma na yi. Don haka ki lura da gabas tun da safe kafin ki shiga duhuwa, ki riƙa riƙe ta a ranki a kowace kwana. In kuwa kin ga wuri a share a kurmi, to yana da masu shi.

Yanzu na zo kan wanda ya kai ni hanyar da kike nema.

Akwai wani ƙauye can saman dutse, sunansa ba zai shiga takardar nan ba. Mutanensa ba sa zuwa gona ko kurmi ranar Alhamis, sun ce ranar ƙasa take hutawa. An faɗa mini. Na ce a raina wannan al'adarsu ce, ni Musulmi ne, ba ta hau kaina ba. Wata Alhamis na ji labarin goro mai kyau a wata gona bayan tudu, na ce bari in riga kowa. Na fita da hantsi. A gangarar farko tayar gaba ta faɗa wani rami da ganye ya rufe, na zo ƙasa, keken ya danne mini gwiwar dama. Na ji ƙarar da ta yi kafin in ji zafin.

Na kwanta ina kira. A kowace rana hanyar nan ba ta rabuwa da masu zuwa gona, da an tsince ni kafin in gama salati. Amma ranar Alhamis ce. Babu kowa sai ni da tsuntsaye. A nan na gane abin da girman kaina ya hana ni gani: ba sai ka yi imani da dalilin mutane ba kafin dokarsu ta shafe ka. Ran da gari ya ce ba a shiga daji, ko ba komai babu mai ɗauko ka. Na ja jiki da hannu da gwiwa ɗaya, ina hutawa ina ci gaba, sai bayan la'asar na iso bayan gari inda wata tsohuwa take tsinke barkono a bayan ɗakinta.

Sunanta Maame Abena, ita ce mai ɗorin ƙauyen. Ta dube ni ta dubi hanyar da na fito, ta ce, "Kiramo, yau wace rana?" Kiramo suke kiran kowane Musulmi. Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba, ta kira maza suka ɗauke ni. Ita ta je gaban dattawa ta roƙa mini afuwa. Ta ɗaure gwiwar da itace da ganye, na yi makonni a ɗakin ɗanta. Ta ware mini tukunya ta kaina da ba a taɓa dafa abin da ba na ci a cikinta ba, in za a yanka kaza kuwa sai a kawo mini wuƙa har shimfiɗa. Da asuba ita take ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce, "Tashi, Allahnka yana jira." Uwata, in kika ji an ce wata rana ko wani wuri ba a shiga, kada ki tsaya gardamar addini. Addininki yana zuciyarki ba wanda zai ƙwace. Ki huta ranar, ki wanke sarƙar kekenki.

Da na fara takawa, wata safiya ta ɗaura zane ta ɗauki sanda ta ce in ɗauko keken, wanda tuni samari suka ɗauko mini shi daga daji. Na ce ba zan iya hawa ba. Ta ce, "Wa ya ce ka hau? Dogara da shi." Haka muka tafi, tsohuwa da sanda, gurgu da keke.

Ba zan faɗa miki ta ina muka bi ba. Abin da na gani kawai zan faɗa, shi ma bakina bai taɓa cika shi ba duk shekarun da nake ba ki labari. Mun hau har na daina jin zakarun gari. Muka iso wani itace da ya fi duk waɗanda na taɓa gani, ta ce in jingine keken a nan, in cire takalmi. Daga nan hanyar ba ta fi faɗin tafin ƙafa ba, ƙasa mai laushi da sanyi a kan dutse. Muka ratsa wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, kafaɗuna suna gogar gansakuka. Muna fitowa sai ga shi. Ruwa yana fitowa daga jikin dutse, ba daga sama ba, ba daga ƙasa ba, daga tsakiyar dutse busasshe, yana zuba a wani kwano da ya fafe wa kansa. Don tsabtarsa sai da na sa hannu na tabbatar akwai ruwa a ciki. Farin yashi a ƙasa, 'yan ƙananan ƙaguwa suna yawo a kai. Na sha, haƙorana suka amsa.

Ta ja ni gaba kaɗan zuwa bakin wani falalen dutse, ta ce in duba. Uwata, gajimare yana ƙasa da ni. Ni Isifu ɗan Nima, ina tsaye gajimare yana ƙarƙashin ƙafata, fari, a kwance a kan kurmi, kawunan itatuwa suna leƙowa ta cikinsa. Shaho ya wuce, bayansa na gani, ban taɓa ganin bayan shaho yana tashi ba sai ranar. Can nesa inda ido yake gajiya, babban tafki yana walƙiya kamar sabon tire. Gwiwata ta daina ciwo, ko ni na manta da ita. Na ji ni ƙarami ƙwarai, kuma ban taɓa jin daɗin zama ƙarami irin na ranar ba. Hawaye suka zubo mini ban san dalili ba. Na tambaye ta ko zan iya yin salla a nan. Ta ce, "Wanda ya yi wurin nan ai ba kurma ba ne. Yi da yarenka." Na yi alwala da ruwan da ta ɗebo mini a ganye can gefe, na yi raka'a biyu, wannan karon rana tana gabana ba na neman gabas.

Da na idar ta zaunar da ni ta faɗa mini dokar. Ta ce ruwan nan shi ne yake gangarawa ya zama rafin da duk ƙauyen yake sha. Ƙasar hanyar kuwa 'yar fata ce a kan dutse, kowace ƙafa tana kankare kaɗan ta tura cikin ruwa, in ƙafafu suka yi yawa garin zai sha laka. Ta ce kakanninsu a nan suka ɓuya zamanin yaƙe-yaƙe, shi ya sa hanyar ba a faɗar ta da baki, ba a zana ta ko a ƙasa. Ɗan gari in ya yi hankali, babba yakan riƙe hannunsa ya kai shi. "Kai kuwa," in ji ta, "jininka ya zuba a ƙasarmu, ka ci daga tukunyata. Kana da mutum ɗaya. Ɗaya tak. Kuma da ƙafarka za ka kawo shi." Na ɗauki alkawari a wurin, alkawari kuwa kaya ne.

Yanzu ki auna da kanki. In layin nan ya shiga waya, ba ke kaɗai za ki bi shi ba. Wanda bai san sunan ƙauyen ba, bai sha ruwan gaisuwa ba, zai zo da tayoyi masu haƙora ranar da ya ga dama, har da Alhamis, ya wuce itacen a guje don layin bai ce ya sauka ba. Ba mugu ba ne, ni ma ba mugu ba ne ran da na kaɗa wa dattawa ƙararrawa. Amma damina ɗaya ta isa, jikokin matar da ta ɗora mini ƙafa su ɗebo jan ruwa. Kin ce hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Gaskiyarki. Shi ya sa ba tawa ba ce balle in bayar.

Saura kuskure ɗaya, shi ne babba. Mutum ɗayan nan, mahaifiyarki na ajiye wa. Tun muna sabon aure na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Ni da ko tudun Kanda na nan Accra sai na huta? To, Allah Ya kai mu." Sai motoci suka karɓe safarar goro, na dawo Accra na buɗe rumfa. Na ce bari a yaye yaro. Na ce bari damina ta wuce. Ita ma takan ce, "Isifu, dutse ba ya gudu." Dutsen bai gudu ba kam, ita ce ta tafi. Tana kwance a asibiti ta ce in sake ba ta labarin bayan shaho, na ba ta, ta ce, "Ka iya faɗa, kamar na gani." Ba ta gani ba. Da na sani ƙeya ce. In kina da wani abu mai kyau da kike so ki nuna wa wanda kike ƙauna, kada ki jira ranar da babu aiki, ba a yi ta ba tukuna. Bayan rasuwarta na mayar da hanyar tatsuniya ina ba ki, na ɗauka damar tawa ta bi ta kabari.

Ran da kika fita cikin fushi na kasa manna ko faci ɗaya daidai. Washegari na rufe rumfa na shiga kasuwa wurin matan Kwawu masu sauke ayaba da gwaza, ina ɗingishi ina tambaya, har aka nuna mini wata 'yar ƙauyen mai suna Akosua. Na gaishe ta, na faɗi amannena kamar yadda aka koya mini. Ta kira wani kawunta a waya suka daɗe suna magana, ina tsaye ina jira. Da ta gama ta dube ni da kyau ta ce, "Papa, ashe kai ne. Maame Abena ta daɗe da rasuwa. Amma kawu ya ce kafin ta tafi ta tara 'yan gida ta ce, Kiramo mai keke bai kawo mutuminsa ba tukuna, in ya zo a ba shi kujera." Ta ce kawun ya ce itacen yana nan tsaye, in zo duk ranar da na so ban da Alhamis. Na zauna a kan buhun gwaza a tsakiyar kasuwa na rufe fuska da hula, matan suka yi kamar ba su gani ba.

To ga maganata. Hanyoyin aikinki ba za su gagara ba. Ina da su da yawa a kaina waɗanda ba a hana faɗa ba, ta cikin gonakin koko, ta bayan garin masu ginin tukwane, ta gefen dutse inda ake hango Nkawkaw kamar an zubar da ashana. Zan zana miki su duka, ki bi ki gaishe da masu su, ki nemi izini, ki sa a wayarki. Hanyar idon ruwa kuwa ba zan faɗa miki ba har abada. Kai ki zan yi.

Kin san halin gwiwar. A kujera nake salla yanzu, likita ma ya ce in daina dogon tsayi. Ba ni da wata damina da zan ce bari ta wuce bayan wannan. Na sauko da baƙin keken daga saman rumfa, na wanke shi, na sa masa sabuwar sarƙa da tayoyi, maƙwabta suna tambaya ko sayarwa zan yi. Da zarar ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe zan ɗora shi a mota in zo, zan aiko miki da rana. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba nawa ba ne: wayarki da agogonki mai ƙirga gudu za su zauna a gidan Maame Abena har mu sauko, abin da idonki ya gani kuma ya tsaya a idonki. In kin yarda, ki same ni a tashar Nkawkaw. In ba ki yarda ba ba zan yi fushi ba, zan huta a tashar in sha ruwa in koma gida, in ajiye mutum ɗayan nawa har ranar da za a ɗauke ni, don ba ni da wani bayan ke.

Za mu sauka a gidan farko mu tura. Zan dogara da keken kamar wancan karon. In gwiwar ta ƙi a tsakiyar hawa, kariyar tana nan da ƙarfinta, a kanta kika yi wayo. Yanzu ban fi kwandon goro nauyi ba, kuma ba na baƙi in na bugu. Ki kai ni gindin itacen kawai. Daga nan ko da rarrafe ne ni zan shige gaba, don da ƙafata aka ce.

Allah Ya tsare ki a hawa da gangara, Ya kare ki daga santsi da ramin da ganye ya rufe, Ya buɗe miki zukatan mutanen dutse. Kada ki manta da addu'ar hawa kafin ki ɗora ƙafa a feda. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya saka wa duk wanda ya taɓa ba baƙo ruwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya ara mini kwana da ƙafa har in ga fuskarki ran da za ki ga gajimare a ƙarƙashinki.

Wassalam.

Ubanki,
Isifu mai gyaran keke, Maamobi